Manhajar burauza mai juya farashin kaya zuwa kirifto: wa ya taɓa gwadawa?

Manomin_Kadawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga masana harkar kirifto, wato kuɗin intanet, da ke wannan zauren. Injin ban ruwa mai aiki da hasken rana nake nema saboda noman rani, don tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuɗin mai yake cinye mana ribar tumatir. Yayana da ke aiki a Saudiyya yakan turo min taimako da USDT, wani kirifto da aka ɗaure darajarsa da dala, shi nake tarawa a walet, wato manhajar ajiye kirifto. Ƙanena da ke karatu a Wudil ya zo hutu da laftof, ya nuna min wata 'yar ƙaramar manhaja da ya liƙa wa Chrome, ekstenshan suke ce mata. Da ka buɗe AliExpress ko Jumia sai farashin ya koma USDT ko Bitcoin maimakon dala ko naira. Abin ya kwanta min, domin nan take nake ganin ko abin da na tara ya kai ko da saura. To farashin da take nunawa gaskiya ne? Zan iya biya da kirifton kai tsaye tunda shi ne a rubuce? Kuma ba za ta taɓa min walet ba?

MaiCaji_Gujungu:
Wa alaikumus salam. Ta biyun dai amsarta a'a. Shagon bai ma san ka canza komai ba, a allonka kaɗai rubutun ya sauya. In ka zo wurin biya AliExpress kati zai nema, Jumia kuma naira.

Ɗalibi_Dutse:
Malam Manomi, bari in faɗa maka yadda take aiki, daga nan sauran tambayoyin za su warware. Idan shafi ya gama buɗewa, manhajar tana bin rubutun da ke cikinsa tana neman alamar kuɗi, kamar $ ko ₦ ko €, da lambar da ke kusa da ita. Sai ta tambayi wani shafi mai tattara farashi, galibi CoinGecko ko CoinMarketCap, nawa Bitcoin yake a yanzu. Ta raba, ta goge lambar farko a idonka, ta rubuta sabuwa. Iyakar aikinta ke nan.

Ga misali. A ce injin dala 200 ne, Bitcoin ɗaya kuma dala 100,000. Za ta nuna maka 0.002 BTC, ko satoshi 200,000, tunda Bitcoin ɗaya satoshi miliyan 100 ne. Gobe Bitcoin ya sauko 90,000, za ka ga satoshi 222,222. Mai injin bai ƙara ko sisi ba, yana nan a dala 200 ɗinsa. Saboda haka kai da USDT ne a hannunka, kallon farashi da Bitcoin ruɗa ka kawai zai yi. Bar ta a USDT.

Manomin_Kadawa:
Na gode ƙanena, Allah ya ƙara basira. Na lura da haka kuwa, da safe lamba daban, bayan la'asar daban, har na ɗauka mai kayan ne yake wasa da farashi.

Sarkin_Lissafi:
To in dai USDT ne, mene ne amfanin manhajar? USDT ɗaya ai dala ɗaya aka ɗaure shi ya zama. Dala 200, USDT 200. Wannan ko yaron firamare ya lissafa maka.

Ɗalibi_Dutse:
@Sarkin_Lissafi a shafin da yake rubuta dala gaskiyarka ne. Amfanin yana fitowa ne a inda farashin yake da naira ko yuwan na Sin. Yana so ya kwatanta injin Jumia da na AliExpress a ma'auni ɗaya.

ƊanCanji_Maigatari:
Nan ne inda nake so in sa baki, don sana'ata ce, duk da ni sefa da naira nake canzawa ranar Alhamis a kasuwar dabbobi. Babu wani abu wai shi farashi ɗaya a harkar canji. Kullum biyu ne: wanda zan saya a hannunka da wanda zan sayar maka. Tsakaninsu nake cin abinci. Manhajar nan lamba ɗaya take nuna maka, ta tsakiya, kuma babu mahaluƙin da zai ba ka kuɗi a kan wannan lambar. Ranar da za ka mayar da USDT ɗinka naira ta P2P, wato ciniki kai tsaye tsakanin mutum da mutum, wanda zai saya zai rage. A ce ta lissafa maka a kan 1,500, shi ya ba ka 1,470. A USDT 200 ka rasa naira 6,000 tun ba a zo maganar kuɗin tura shi ba. Ba cuta ba ce, haka kasuwa take, amma ka sa shi a lissafinka.

Sannan ka bincika daga ina take ɗauko farashin naira. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da Babban Banki bai saki naira ba, farashin hukuma yana wajen 460 ne, a kasuwar canji ta Wapa a Kano kuma ana sayar da dala sama da 700. Manhajar da ke bin na hukuma a wancan lokacin, da ta nuna maka abin da ba ya nan a duniya. Yanzu tazarar ta matse sosai.

Baffa_Ringim:
Ɗan Canji ya gama magana. Buhun gero ne dai, ko ka auna da tiya ko da kwano, ba ya ƙaruwa. Abin tambaya shi ne tiyar wa aka ɗauko.

UmmuSadiq_KayanKicin:
Sallama gare ku. Ni ina saro kayan kicin daga 1688, wani shafin sari na ƙasar Sin, ta hannun wakili, ina sayarwa a WhatsApp a nan Ringim da ƙauyukan kusa. Na yi amfani da irin wannan manhajar a kwamfutar maigidana, kuma ta taimake ni, gaskiya. Shafin gaba ɗaya da rubutun Sinanci yake, farashi da yuwan, kuma wakilin yana karɓar USDT. Da, kowane kaya sai na ɗauki kalkuleta. Yanzu ina gangarawa ina gani, in kofuna sun yi tsada in wuce ba tare da ɓata lokaci ba.

Amma ku kula da abu ɗaya. Alamar ¥ ta yuwan ce, kuma ita ce ta yen na Japan. Akwai ranar da na ga saitin tukwane ya fito a ƙasa da USDT ɗaya, gabana ya faɗi don murna, ashe manhajar ta ɗauke shi a matsayin kuɗin Japan ne. Sai an shiga saitinta an gaya mata wane ake nufi.

Ɗalibi_Dutse:
Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci. Haka ma $ ɗin, ba Amurka kaɗai ke amfani da ita ba, akwai Kanada da Ostareliya da wasu. Shafukan Jamus kuma suna rubuta 1.200,50 inda mu za mu rubuta 1,200.50, ɗigo da waƙafi sun yi musaya. Manhajar da ba a gina da kyau ba, za ta karanta dubu ɗaya da ɗari biyu a matsayin ɗaya da ɗigo biyu. A wajenmu kuma matsalar ta fi haka: mutane suna rubuta N15,000 ko 15k ko #15,000, wani ma a jikin hoto yake rubuta farashin. Duk waɗannan yawanci ba ta gane su.

MaiCaji_Gujungu:
Kuma ku gaya wa jama'a gaskiya, mutum nawa ne a ƙauyukanmu suke da laftof? Wayoyin da ake kawo min caji ranar Lahadi, kasuwa ta cika, kusan duk Tecno da itel da Infinix ne. Chrome na waya ba ya ɗaukar ekstenshan. Opera Mini da mutanenmu suka fi so saboda tsimin data shi ma ba ya ɗauka. Wanda ya shiga ta manhajar Jumia ko ta AliExpress kai tsaye kuwa, babu ruwan ekstenshan da shi.

Abba_Kazaure:
Firefox na Android yana ɗauka. Tun ƙarshen 2023 suka buɗe ƙofar. Da burauzar Kiwi muke amfani, amma mai shi ya daina kula da shi a farkon 2025, don haka kada kowa ya sauke shi yanzu, burauzar da ba a sabuntawa haɗari ce.

MaiCaji_Gujungu:
To na ƙaru. Amma waya mai ram 2 za ta ja Firefox da AliExpress a lokaci guda, a netwok ɗinmu na nan?

Abba_Kazaure:
Za ta ja, da haƙuri.

Gwani_Dambatta:
Kun tsaya a lissafi kun bar tambayarsa ta uku, alhali ita ce mai zafi. Manomi, lokacin da ƙanenka zai ɗora manhajar, wani ɗan akwati ya fito yana neman izini. Abin da ke rubuce a ciki shi ne za ta iya karantawa da canza duk bayananka a duk shafukan da ka buɗe. Ba ƙarya ta yi ba, dole sai da wannan iznin za ta iya sauya farashi. Amma izinin da ya ba ta damar goge dala ta rubuta USDT, shi ne dai zai ba ta damar ganin abin da kake bugawa a shafin banki, ko ta sauya adireshin walet da aka nuna maka ta sa na wani.

Wani abokina mai shagon POS a garinmu haka ta faru da shi. Ya ɗora wata da aka turo a wani zauren Telegram, an ce tana nuna farashi kuma tana haɗuwa da walet don sauƙin biya. Ta buɗe masa wani shafi mai kyau, ta ce ya zuba kalmomin sirri 12 da suke mabuɗin walet ɗinsa don a haɗa. Ya zuba. Kafin ya idar da sallar isha'i babu komai a walet ɗin. Kuɗin da yake tarawa na aure ne. Na zauna da shi a daren, yana ta sabunta shafin yana ganin sifili, ya kasa ko magana. Kuma babu ofishin da za ka kai ƙara a dawo maka da shi, in ya fita ya fita.

Manhajar nuna farashi ba ta da wata buƙata da walet ɗinka. Duk wadda ta nemi kalmomi 12 ɓarauniya ce, ba sai an yi bincike ba.

UmmuSadiq_KayanKicin:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar masa da alheri.

Manomin_Kadawa:
Amin. Jikina ya yi sanyi. Ita wannan ba ta nemi kalmomin ba, kuma walet ɗina a waya yake, laftof ɗin na ƙanena ne. Ina fatan hakan ya raba su?

Gwani_Dambatta:
Ya raba su, kuma ka bar su a rabe. Kada ka buɗe walet ko banki a wannan burauzar.

Ɗalibi_Dutse:
Ƙari a kan maganar Gwani. Ko wadda take da gaskiya yau ba ta da tabbas gobe, domin ekstenshan da kansa yake sabuntuwa ba tare da ya tambaye ka ba. Akan sayi manhaja mai farin jini daga hannun wanda ya ƙirƙire ta a cusa mata mugun abu, ko a sace asusunsa. A watan Disambar 2024 an yi haka, aka kutsa asusun masu ekstenshan da dama na Chrome, ciki har da na wani kamfanin tsaron bayanai mai suna Cyberhaven, aka tura wa jama'a gurɓataccen sabuntawa ta cikin kantin Chrome ɗin kansa. Kamfanin tsaro fa.

Abin da nake yi shi ne: a Chrome akwai wurin da za ka taƙaita mata, ka ce ta yi aiki a shafuka kaza kawai, ko sai ka danna ta. Ka ba ta AliExpress da Jumia, shi ke nan. In da hali ka buɗe wani furofayil daban a burauzar don duba kaya kawai. Kuma daga kantin Chrome ko na Firefox kaɗai za ka ɗauko, ba fayil ɗin da wani ya turo a WhatsApp ba.

Sarkin_Lissafi:
Duk wannan wahalar saboda raba lamba biyu? Ka rubuta "200 usd to btc" a Google ya ba ka amsa, babu izini babu fargaba. Ni ban ga abin da ya kai a ɗauki kasada ba.

UmmuSadiq_KayanKicin:
Malam, kai kaya ɗaya kake dubawa. Wanda yake bin shafi mai kaya ɗari yana neman wanda zai fitar da riba, ba zai yi ta zuwa Google kan kowanne ba. Kowa da buƙatarsa.

MalamMakaranta_Babura:
Ku ba ni dama in kawo wani gefe. Ina yaro lokacin da aka kawo naira, ranar 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Shekaru suka yi ta wucewa iyayenmu suna ciniki da fam da sule a baki, takardar naira a aljihu. Har yau akwai tsofaffin da in sun ce jaka ɗaya naira 200 suke nufi. Mutum yana riƙe ma'aunin da hankalinsa ya yarda da shi ne. Yaran yanzu da suke son ganin komai da USDT, ni ban ga laifinsu ba. Wanda ya ga dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara, dole ya nemi ma'aunin da ba ya narkewa a hannu. Abin da yake damuna shi ne, tumatir ɗinka da naira za ka sayar a kasuwar Kwanar Gafan, leburorinka naira za ka ba su, taki da naira. In kanka ya koma lissafi da dala alhali shigarka naira ce, kullum za ka ga kamar asara kake yi, ko da shekarar ta yi kyau. Na ga matasa sun karaya da noma saboda wannan tunanin.

Manomin_Kadawa:
Allah ya gafarta Malam, wannan magana ta shige ni. Amma ta wani gefen, injin da sola da batir duk daga waje suke zuwa, farashinsu dala yake bi ko a Sabon Gari ka saya. In ban auna da dala ba, ban san ko ina matsowa kusa da injin ko yana guduna ba.

MalamMakaranta_Babura:
Haka ne ɗana. Ka auna injin da dala, ka auna gonar da naira, kada ka bari ɗaya ya shiga gonar ɗaya.

Matashi_BTC:
Ni ban yarda da masu cewa a bar ta a USDT ba. Duk manufar irin wannan manhajar ita ce ka saba tunani da satoshi. Bitcoin miliyan 21 ne kacal za a taɓa samu, babu gwamnan bankin da zai buga ƙari. Dala ma ai bugawa ake yi. A watan Mayun 2010 wani ya ba da Bitcoin 10,000 aka kawo masa fiza biyu, a Disambar 2024 Bitcoin ɗaya ya haura dala 100,000. In kana kallon farashin waya da satoshi shekara bayan shekara, za ka ga kaya suna araha ne, ba tsada ba. Wannan shi ne darasin.

ƊanCanji_Maigatari:
Yaro, ka faɗi rabin labari. A Nuwambar 2021 ya kusa dala 69,000, a Nuwambar 2022 ya dawo wajen 16,000. Wanda ya tara kuɗin injin ban ruwa a Bitcoin a wannan tsakanin, ranin ya zo ya wuce bai sayi ko tiyo ba. Manomi yana da lokaci, in ruwan madatsar Tiga ya sauko kanal ba zai jira kasuwa ta farfaɗo ba.

Matashi_BTC:
USDT ɗin ma ai amana ce kuka ba wani kamfani. Kun manta kirifton UST na Terra da ya rushe a Mayun 2022? Shi ma cewa aka yi dala ɗaya ne.

Ɗalibi_Dutse:
Ginin su ba ɗaya ba ne. UST da lissafin kwamfuta da wani kirifton aka tallafe shi, Tether kuma, kamfanin da ke fitar da USDT, suna cewa suna da kadarori a ajiye a madadin kowane USDT. Amma asalin maganarka tana nan, amana ce, kuma ba asusun banki ba ne da NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, za ta biya ka in an samu matsala.

Almajirin_Malam:
Ni tambayata daban ce. Kafin a kai ga manhaja, shi kansa kirifton ya halatta?

Gwani_Dambatta:
Malamai sun saɓa. Hukumar fatawa ta Masar ta haramta mu'amala da Bitcoin, majalisar malaman Indunusiya ma a 2021 ta hana amfani da shi a matsayin kuɗi, saboda gharari da kama da caca. A Malesiya kuma majalisar shari'a ta hukumar hannayen jarinsu ta halatta cinikinsa a 2020 a kasuwannin da aka yi wa rajista. A nan gida ma za ka ji ɓangarorin biyu. Ka tambayi malamin da ka natsu da iliminsa, ka kuma bayyana masa bambancin wanda aka turo wa kuɗi ya ajiye da wanda yake caca da hawa da sauka.

Shugaban_Zaure:
Jama'a, maganar hukunci mun yi ta a baya kuma ba ta ƙare ba, a buɗe mata wuri daban. A koma kan tambayar Manomi. Sannan duk wanda ya saka mahaɗin sauke wata manhaja a nan zan goge, na riga na cire guda biyu.

Talaka_Gumel:
Ni dai duk abin da aka haɗa da kirifto na wanke hannuna. Mun yi ta danna Hamster, wasan waya da aka ce za a raba kirifto a kansa, dare da rana a 2024, har yara suna fasa zuwa gona, da aka fashe a watan Satumba abin da mutane da yawa suka samu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. Ga kirifton Pi an yi shekaru ana jira. Ga dandalin zuba kuɗi na CBEX da ya kwashe kuɗin jama'a a Afrilun 2025. Yanzu kuma manhaja.

Abba_Kazaure:
Yaya Talaka, ka haɗa abubuwa daban-daban a buhu guda. CBEX damfara ce irin ta MMM, an yi wa mutane alkawarin ninka kuɗi. Manomi ba riba aka yi masa alkawari ba, ɗan'uwansa ne yake turo masa guminsa ta hanyar da ta fi masa sauƙi. Ita kuma manhajar kalkuleta ce kawai.

Talaka_Gumel:
Kalkuletar da take iya karanta shafin bankinka. Ai Gwani ya faɗa.

Lauyan_Ƙauye:
Wani ya tambaye ni ta bayan fage ko doka ta hana, gara in amsa a nan kowa ya gani. Kallon farashi da kowane irin kuɗi babu dokar da ta hana. Game da kirifton kansa, a Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu harkar, shi ya sa kowa ya koma P2P. A Disambar 2023 ya janye hanin. A farkon 2024 aka yi rikici da Binance, babban dandalin cinikin kirifto, gwamnati tana zargin farashin P2P ɗinsu yana karya naira, har suka cire naira daga dandalinsu a watan Maris. A Agustan 2024 hukumar kula da hannayen jari, SEC, ta ba dandalin kirifto na Quidax da na Busha amincewar farko, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin dijital ƙarƙashin SEC. Amma naira ce kuɗin da doka ta wajabta a karɓa, ba za ka tilasta wa mai shago a Kura ya karɓi USDT ba. Kuma a P2P ka kula da wanda yake turo maka naira, in kuɗin sata ne asusunka za a rufe.

ƊanCanji_Maigatari:
Wannan rikicin na Binance ma ya shafi tambayar farko. Da can kusan kowa farashinsu yake kallo a matsayin na kasuwa. Da aka rufe, ciniki ya watsu zuwa dandali daban-daban da zaurukan Telegram, kowanne da nasa farashin. To manhajar wanne take bi?

UmmuSadiq_KayanKicin:
Tawa tana da wurin da za ka rubuta farashin canji da hannunka. Kowace safiya ina tambayar wakilina nawa yake karɓa, in sa. Manomi, ka duba ko taka tana da shi. Kuma kada ka manta, abin da ke kan shafin kuɗin kaya ne kawai. Injin ban ruwa yana da nauyi, ga fanel na sola. Kuɗin jirgi da na kwastan da na mota daga Legas ko daga Kano zuwa ƙauyenku, babu wanda manhajar za ta nuna maka. Ni akwai kayan da kuɗin kawo su yake kusan kamo kuɗin sayensu.

Makanike_Kura:
Hajiya ta riga ni. Ni nake gyaran irin waɗannan injinan a yankinmu. Manomi, kafin ka tura kuɗi Sin, shiga Kano ka zaga masu kayan sola, ka ga injin da idonka, ka tambayi zurfin da yake iya jawo ruwa da faɗin bakinsa, inci biyu ne ko uku. Ana kawo min waɗanda aka saya ta intanet, a hoto ƙato, a zahiri ko kadada rabi ba zai shayar ba, in kwantirola ta ƙone kuma babu irinta a kasuwa. Na gida ko ya fi tsada kaɗan, kana da wanda za ka koma wa. Daga rijiyar burtsatse za ka ja ko daga kanal?

Manomin_Kadawa:
Daga kanal ne Oga, amma gonar tana ɗan tudu, sai an tura ruwan sama. Na duba da ƙanena yanzu, tamu ba ta da wurin sa farashi da hannu, kuma a bayaninta CoinGecko ta ce tana bi. Mun kwatanta da abin da ake saye a P2P yau, akwai 'yar tazara kamar yadda Ɗan Canji ya ce. Mun taƙaita mata izini zuwa shafuka biyu. Zan ci gaba da duba kaya da ita don in san inda farashi ya dosa, amma ranar saye zan yi lissafin da biro a kan abin da zai shigo asusuna. Oga Makanike, zan neme ka kafin in shiga birni.

Matashi_BTC:
Ka dai bar ta tana nuna satoshi a gefe, ko don ka riƙa gani.

Sarkin_Lissafi:
Ni har yanzu ina kan bakana, a goge ta. In biro ne zai yanke hukunci a ƙarshe, me ya sa za a bar ta a kwamfutar yaro ɗalibi da yake shiga shafin makaranta yana biyan kuɗin rajista a cikinta?

Ɗalibi_Dutse:
Tunda sun taƙaita ta, ba za ta ga shafin makarantar ba. Sai dai a Firefox na waya ban ga irin wannan saitin a fili kamar na Chrome ɗin kwamfuta ba. @Abba_Kazaure kai da kake amfani da shi kullum, akwai inda ake taƙaitawa, ko sai dai a kashe ta gaba ɗaya in an gama duba kaya?

Abba_Kazaure:
Ni kashe ta nake yi in na gama. Bari in duba in dawo, caji na ya kusa ƙarewa.